Wa zai biya kuɗin wutar ɗakin bincike?

Ranar Juma'a 7 ga watan Fabrairu na 2025, hukumar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, wadda aka sani da NIH, ta fitar da wata ƴar gajeruwar sanarwa da ta hana shugabannin manyan jami'o'in ƙasar barci. Sanarwar ta ce daga ranar Litinin mai biyowa, duk jami'ar da ta karɓi kuɗin bincike daga hannun hukumar ba za a ƙara mata fiye da kashi 15 cikin ɗari ba don biyan ɗawainiyar gida. Hukumar ta yi lissafin cewa matakin zai rage wa gomnati kashe dalar Amurka miliyar 4 kowace shekara. Kafin rana ta faɗi a wannan Litinin ɗin, jahohi 22 sun shigar da ƙara, wata alƙaliya a birnin Boston ta dakatar da matakin, a watan Afrilu kuma ta mayar da dakatarwar ta dindindin.

Mai karatun da ke zaune a rumfarsa cikin babbar kasuwar Maraɗi, ko ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata a wani biro na Tawa, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, rigimar masu abu ce da abinsu. Gaskiya ne a kotunan Amurka aka yi ta, kuma ba ɗan Nijar ko ɗaya da aka nemi ra'ayinsa. Sai dai tambayar da ke kwance ƙarƙashin wannan rigima ta fi shafar tashar gwajin iri ta Tarna fiye da yadda ta shafi jami'ar Harvard: in ana son a yi bincike, wa zai biya kuɗin wuta, da ruwa, da mai gadi, da gyaran rufin ɗaki? Amurkawa sun kai tambayar gaban alƙali cikin kwana uku. A Yamai an share shekaru ana kewaye ta.

Ba ɗan kasuwa za a koya wa wannan lissafi ba. Wanda ya saro buhun shinkafa ɗari ya san kuɗin sari ba shi ne iyakar abin da ya kashe ba. Akwai hayar mangaza, akwai patanti, akwai ladan ƴan dako, akwai abincin yaron shago, akwai fitilar da ke kwana kunne. Duk wanda ya manta da waɗannan ya yanke farashi, ba a daɗewa za a ji ya karye, ko da kuwa kullum rumfarsa cike take da masu saye. Bincike ma haka yake. Akwai kuɗin aikin kansa, wato ladan masu taimako, da kayan gwaji, da man mota zuwa ƙauye. Akwai kuma kuɗin da ba a gani a cikin sakamakon aikin amma in babu su aikin ba ya yiwuwa: ginin, da injin sanyaya ɗakin ajiyar iri, da akawun da ke riƙe da littattafan kuɗi, da ɗakin karatu. Tun bayan yaƙin duniya na biyu gomnatin Amurka ta yarda ta riƙa biyan rabonta na wannan nauyi, kowace jami'a kuma tana zama da hukuma su daidaita kasonta. A shekarar 2023 NIH ta raba kimanin dalar Amurka miliyar 35 ga masu bincike, wato ninki biyu na dukan arzikin da Nijar ta samar a wannan shekarar, miliyar 9 daga ciki kuwa kuɗin ɗawainiyar gida ne. Kason da aka daidaita da Harvard ya kai kashi 69 cikin ɗari. Shi ya sa da aka ce a koma 15, kuka ya tashi.

Abin da ba a cika faɗa ba cikin wannan kuka shi ne, tun da daɗewa dokar wannan hukuma ta NIH ta yanke wa duk wata cibiyar bincike da ke wajen Amurka kashi 8 cikin ɗari kacal, ba ciniki, ba daidaitawa. To, in jami'ar da ke da dukiyar ajiya ta fiye da dalar Amurka miliyar 50 ta rantse gaban alƙali cewa kashi 15 ba zai riƙe ɗakunan bincikenta ba, me za a ce da cibiyar da ke Bamako, ko Ibadan, ko Yamai, wadda dole ta sayi injin wuta da gazuwal saboda ɗaukewar lantarki, ta yi odar kowane ƙwayar maganin gwaji daga Turai, ta jira shi watanni a duwan? Ma'anar wannan lissafi a fili take: duk lokacin da cibiyar Afirka ta ci gasar neman kuɗi, sai ta ciro daga aljihunta marar nauyi ta cika abin da mai bayarwa ya ƙi biya. Ana yi wa darakta barka da samun furoje, alhali kuwa ya ɗauko wa gidansa bashi ne.

Rigimar kashi 15 ita ta fi yin ƙara, amma ba ita ta fi yin ɓarna ba. Ranar 20 ga Janairu na 2025, ranar da Donald Trump ya koma kan mulki, ya sa hannu a kan umarnin dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris ministan harkokin waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na ayyukan hukumar USAID, ranar 1 ga Yuli kuma hukumar ta daina aiki. Tare da ita mafi yawan cibiyoyin binciken noma na shirin Feed the Future da ke jami'o'in Amurka suka rufe. Hatta FEWS NET, tsarin da aka kafa a 1985 bayan yunwar Sahel don bin sawun damina da farashin hatsi, ya yi shiru a ƙarshen Janairu, bai dawo ba sai tsakiyar shekara.

Daga nan aka shiga sauya sharuɗɗan neman kuɗin kansu. Tun farkon 2024 an riga an ɗora wa abokin aiki na waje sharaɗin buɗe littattafan ɗakin gwajinsa da dukan bayanansa ga jami'ar Amurka da yake aiki da ita, aƙalla sau ɗaya a shekara. Ranar 1 ga Mayu na 2025 NIH ta ce ta daina amincewa da tsohon tsarin da jami'ar Amurka ke karɓar kuɗi ta yanka wa abokiyar aikinta ta waje wani kaso; a sabon tsari cibiyar waje ita za ta yi rajista da kanta, ta karɓi nata kai tsaye, ta ba Washinton lissafi kai tsaye. A kan takarda wannan ba laifi ba ne, har ma ana iya cewa girmamawa ce. Amma tsakanin rushe tsohon tsari da kafa sabo an yi watanni kuɗi ba su tafiya, kuma ƙaramar cibiyar da ba ta da ofishi na musamman mai iya cika takardun gomnatin Amurka da Ingilishi ta fita daga gasar tun kafin a busa usur. Sai kuma umarnin 7 ga Agusta na 2025, wanda ya sa kowace hukuma ta naɗa wani babban jami'i na siyasa da zai duba kiran neman kuɗi da kuma waɗanda za a ba, ya mayar da ra'ayin masana shawara kawai, ya kuma buɗe ƙofar soke yarjejeniya a tsakiyar aiki in an ga ba ta dace da manufar gomnati mai ci ba.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da zai ba mai bincike na Sahel dariya, irin dariyar da ake yi don kada a yi kuka. A watan Fabrairu na 2025 jaridar Washington Post ta buga jerin kalmomin da ma'aikatan hukumar kimiyya ta NSF ke lalube cikin dosiyoyi don gano ayyukan da za a sake dubawa, har da kalmar "mata". Alhali shekaru goma kafin nan ba dosiyen da ke wucewa a gaban masu ba da kuɗi in bai ambaci mata da canjin yanayi a kowane shafi ba. Masanin da ya ɓata shekaru yana koyon zuba waɗannan kalmomi, ga shi an wayi gari ana so ya koyi share su. Geron da yake aiki a kansa bai sauya ba, ƙudujin da ke cinye shi bai sauya ba, matan da ke surfa shi kuma suna nan inda suke.

Kada a ɗauka halin mutum ɗaya ne, ko na ƙasa ɗaya. A 2021 Ingila ta rage kuɗin taimako daga kashi 0,7 zuwa 0,5 cikin ɗari na arzikinta, hukumar bincikenta ta sami giɓin fam miliyan 120, aka yanke ayyukan da suka riga suka yi nisa; a Fabrairu na 2025 kuma ta sanar da sauka zuwa 0,3 a 2027. A watan Yuni na 2023 gomnatin Suwidin, wadda ake yi wa kallon mai riƙon alkawari, ta soke kuɗin binciken raya ƙasashe da majalisar bincikenta ke rabawa, bayan masu nema sun riga sun miƙa dosiyoyinsu. Nijar kuwa ta ɗanɗana nata tun kafin kowa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 Faransa ta dakatar da taimakonta cikin kwana uku, Tarayyar Turai ta yi haka, Amurka ta bi baya a watan Oktoba. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan lamari, amma gonar gwaji ba ta da jam'iyya, kuma daminar da aka rasa ba a ramawa.

Rashin godiya ne a ce kuɗin waje ba su tsinana komai ba. Duk mai sayar da wake a Maraɗi da Damagaram ya san buhun nan mai ciki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba. Asalinsa aikin da masanan jami'ar Purdue suka fara tare da takwarorinsu na Marwa a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, da kuɗin USAID. Sai a 2007 gidauniyar Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi, masanan INRAN na Maraɗi kuma suna cikin waɗanda suka gwada shi suka kai shi ƙauyuka. Haka shirin INTSORMIL, wanda ya fara a 1979, ya horar da masana dawa da gero na Nijar da dama, shirin jami'ar jahar Kansas da ya gaje shi a 2013 kuma ya zaɓi Nijar da Senegal da Habasha a matsayin ƙasashen aikinsa. Ɗan ƙaramin zanzaron da ake saki cikin gonaki don ya kashe murzuna a kan zangarniyar gero, shi ma da kuɗin waje aka koyi kiwonsa. Sai dai a lura da shekarun: daga gwajin farko a Marwa zuwa ranar da buhun ya shigo kasuwa an yi kusan shekara 20. Fitar da sabon irin gero yakan ci shekara 8 zuwa 10. Furoje kuwa shekara 3 ne, in an yi sa'a 5. Da a ce wani minista a Washinton ya tashi da ƙafar hagu a 1995 ya soke aikin wake, da yau ƴan kasuwa suna nan suna zuba guba cikin abincin mutane.

Ba kullum ƙasar nan take jiran wani ya zaɓa mata tambaya ba. A 1965, tun ba a fara sayar da uraniyom ba, gomnati ta kafa ofishin binciken makamashin rana, wanda Abdu Mumuni ya jagoranta tun daga 1969, a lokacin da manyan ƙasashe da dama ba su ɗauki hasken rana da muhimmanci ba. A 1975, bayan farin da ya halaka dabbobi ya watsa ƙauyuka, aka kafa INRAN don ta karɓi binciken noma daga hannun cibiyoyin Faransa. Waɗannan shawarwari ne na ƙasa matalauciya da ta san abin da ke damunta. Abin da ya biyo baya kuwa ma'aikatan gomnati ba su manta da shi ba: faɗuwar kuɗin uraniyom, da tsarin tsuke bakin aljihu, da karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, da watannin albashi da suka taru ba a biya ba. Cikin wannan hali ne aka gudanar da babban shirin binciken noma da rancen Bankin Duniya, daga 1990 zuwa 1998. An yi gine-gine, an sayi motoci, an tura matasa karatu waje. Ranar da shirin ya rufe, baitulmali bai karɓi nauyin ba. Kuɗin aiki suka faɗi warwas, motoci suka hau kan duwatsu, masanan da ƙasa ta ci bashi ta horar suka kama hanyar ƙungiyoyin duniya ɗaya bayan ɗaya. Shirin PPAAO da ya zo a 2011, wanda ya ba Nijar cibiyar binciken kiwo ta Afirka ta Yamma, ya sake hura wa gidan rai, amma shi ma da kuɗin Bankin Duniya ya zo, da wa'adinsa a rubuce.

Tun daga wancan lokaci aka zauna a kan wani rabon aiki da ba wanda ya taɓa tsayawa ya kare shi a bainar jama'a: gomnati ta biya albashi, baƙo ya biya aiki. Sakamakonsa shi ne masanin da ya fi kowa sanin ƙasar Gobir ko ta Adar ba ya fara shekararsa da tambayar me ke damun manomi. Yana fara ta da duba wane kira ne aka buɗe a Brusel ko a Washinton. Shirin bincike na Tarayyar Turai, wanda aka fara da kasafin yuro miliyar 95 da ɗoriya na 2021 zuwa 2027, yakan nemi a haɗa aƙalla cibiyoyi uku daga ƙasashe uku na Turai ko masu yarjejeniya da ita kafin a karɓi dosiye; ɗan Afirka sai dai a gayyato shi ya cika sahu, sau da yawa bayan an gama tsara tambayar da rabon kuɗin. Shi zai shiga rana ya tattara bayanai, sunansa kuma ya fito a tsakiyar jerin marubuta. Wata uku na rubutun dosiye da harshen da ba nasa ba, sa'annan a ce masa bai ci ba. In ya gaji, sai ya koma rubuta rahotanni na haya ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, abin da ke ciyar da iyali amma ba ya fitar da iri.

Misali ɗaya ya isa ya nuna abin da ake asara. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi, daga baya na Damagaram, suka koma barin tsiron gawo da sauran itatuwa cikin gonakinsu suna yi musu aski, abin da ake kira sassabin zamani. Kusan shekara 20 ana wannan aiki ba wanda ya auna girmansa. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da masana irin su Mahamane Larwanou da abokan aikinsu na waje suka gwama hotunan sama na da da na yanzu, aka gane cewa abin ya kai kimanin eka miliyan 5 na ma'aunin hekta, da itatuwa kusan miliyan 200. Canji mafi girma da ya sami ƙasar noma ta Nijar tun samun mulkin kai ya faru a gaban idon kowa, amma sai da baƙo ya biya kuɗin mota da na hoto kafin hukuma ta san da shi.

A yi wa baƙo adalci. Kuɗin harajin mutanensa ne, yana da ikon ya sa sharaɗin da ya ga dama, ya kuma janye ranar da ya ga dama. Mai neman lissafin kuɗinsa dalla-dalla bai yi zalunci ba, kuma duk wanda ya san yadda wasu furojoji suka ƙare a gidajen bene da tarurrukan otel ba zai yi mamakin tsananin binciken ba. Gasar neman kuɗi ita ma ba abin ƙi ba ce: tana tayar da mai barci, tana hana a raba dukiyar jama'a bisa shekaru ko sanayya. Laifin yana wurin wanda ya mayar da zanen aro suturarsa ta kullum. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Legas a 1980 cewa kowace ƙasa za ta kashe kashi 1 cikin ɗari na arzikinta a kan kimiyya da bincike, aka sake nanata alkawarin a Kartum a 2006. Gomnatocin farar hula da na soja sun wuce a Yamai, ba wadda ta kusanci wannan adadi. An buɗe jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, aka ƙara huɗu a 2014, ana kuma buƙatar kowane malami ya buga sakamakon bincike kafin hukumar CAMES ta ƙara masa girma, ba tare da an faɗa masa da wane kuɗi zai yi binciken ba.

Yau kalmar ƴancin kai tana bakin kowa. In da gaske ake, wurin gwada ta shi ne kasafin kuɗi, kuma abin da ake nema bai fi ƙarfin ƙasa ba. Na farko shi ne gomnati ta ɗauki nauyin abin da ba ya jiran furoje: wutar ɗakunan ajiyar iri, da katangar gonakin gwaji na Tarna da Kollo, da garken shanun Azawak na Tukunus, da cibiyar jar akuya ta Maraɗi, da ladan ma'aikatan da ke auna tsiro kowace damina. Irin gero da na wake da aka tattaro daga ƙauyuka shekaru 40 da suka wuce, wasunsu sun ɓace daga gonakin manoma, sai cikin kwalabe suke. Dole a riƙe su cikin sanyi, a kuma sake shuka su lokaci lokaci kafin su mutu. Ba mai ba da kuɗi na waje da zai buɗe kira don biyan takardar NIGELEC, kuma bai kamata a jira shi ba.

Bayan wannan sai asusun gasa na ƙasa. Kafa asusu a kan takarda ba wuya, dokar shafi biyu ce da bikin buɗewa. Wuyar ita ce a sama masa mashigar kuɗi da ba ta ƙafewa. Burkina Faso ta kafa nata, FONRID, a 2011. Kodebuwa kuwa ta bi wata hanya da ta cancanci ƴan kasuwar Nijar su dube ta da kyau: asusun FIRCA, wanda aka kafa a 2002, yana karɓar ɗan kaso daga cinikin amfanin gona irin su roba da kwakwar manja da auduga, wakilan masu noman kuma suna zaune cikin majalisar da ke yanke abin da za a bincika. Nijar tana fitar da albasa, da wake, da dabbobi, da riɗi, da aya. Mai albasar Galmi da Madawa da ke kallon amfaninsa yana ruɓewa cikin rudu kafin farashi ya tashi yana da tambayar da ta fi ta kowane ofishi na Turai gaggawa, kuma da zai ga amsa da bai ƙi biyan ƴan daloli a kan kowane buhu ba. Amma ɗan kasuwar da aka riga aka tatsa a kowane shinge yana da hujjar yin shakka. Sharaɗinsa a bayyane yake: kuɗin kada su bi ta babban asusun baitulmali inda rijiya ke bayarwa guga ya hana, wakilansa su zauna inda ake yanke shawara, a kuma buga lissafi kowace shekara inda kowa zai karanta.

Dokokin neman kuɗin wannan asusu su ne za su nuna ko an koyi wani abu daga abin da ya faru a Washinton. A sa ranar buɗe kira da ranar rufe shi su zama sanannu, iri ɗaya kowace shekara, a kuma saki kuɗin kafin watan Mayu, domin kuɗin gwajin gero da suka iso a watan Satumba sadaka ce ga masu sayar da takarda. Dosiye kada ya wuce abin da malami ɗaya zai iya rubutawa cikin mako biyu ba tare da ya ɗauki ɗan kwangila ba. Masana su duba aikin masana, a haɗa da na ƙasashe maƙwabta, tunda a fannoni da yawa masanan ƙasar nan ba su fi a ƙirga su da yatsu ba kuma duk sun san juna. Wanda bai ci ba a rubuta masa dalili. Minista yana da ikon ya faɗi fannonin da ƙasa ta fi buƙata, wannan aikinsa ne. Amma ranar da aka ba shi ikon zaɓen sunaye, ko na soke aikin da aka riga aka sa wa hannu, to an kwafo mafi munin abin da ke cikin umarnin 7 ga Agusta, a ƙasar da ba ta da jahohi 22 masu iya kai gomnati ƙara kafin faɗuwar rana. Kuma asusun ƙasa ya biya cibiyoyi kuɗin ɗawainiyar gida da ya dace, kada ya yi musu abin da ake kuka baƙo yana yi.

Wannan ba ya nufin a juya wa kuɗin waje baya. Cibiyar ICRISAT ta Sadore da ta AGRHYMET a Yamai suna nan, ƙofofin da ba su rufe ba kuma a ci gaba da ƙwanƙwasa su. Sai dai cibiyar da gomnatinta ta biya mata wuta da ruwa tana shiga ciniki da ƙafafunta biyu: tana iya cewa wannan tambaya ba tata ba ce, tana iya cewa kashi 8 bai isa ba. Ofishi ɗaya mai ma'aikata ƙwararru biyar ko shida, masu Ingilishi da sanin lissafin kuɗi, wanda zai yi wa INRAN da jami'o'i takwas hidimar rajista da cika takardu, bai kai kuɗin motocin rakiyar babban jami'i guda ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina ba ta jiran sa hannun kowa. Kafin a kammala kasafin kuɗi na gaba, ma'aikatar kuɗi da ta ilimi mai zurfi da ta noma suna iya yin abu ɗaya da ba ya cin ko dala: su buga wa jama'a, cibiya bayan cibiya, na shekaru biyar da suka wuce, adadin da aka rubuta wa bincike ban da albashi, da adadin da baitulmali ya saki a zahiri, da ranar da ya sake shi.